Yayata Glenys da Motar da Bayanta Ya Zauna

Yayata Glenys ta shekara arba'in da shida a gida ɗaya, kuma a duk tsawon nan ban san ta taɓa yin kwana goma a jere a wani wuri ba. Ko da aka yi mata aikin gwiwa a Townsville, kwana na shida ta ce wa likita in bai sallame ta ba za ta sallami kanta, kajinta na jira. Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, a tsakiyar gonar rake, tafiyar minti ashirin daga garinmu Home Hill in kogi bai kawo ba. Na mijinta Clarrie ne, gadon ubansa, kuma sunansa kaɗai ne a takarda. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ni ce Raelene, ƙanwarta, shekara huɗu ta ba ni. Mamarmu takan ce ni aka ba baki, Glenys aka ba hannu, kuma ba ta yi ƙarya ba. Tana shekara goma sha biyar ta bar makaranta ta kama aiki a gidan burodi. Tana ashirin da ɗaya Clarrie ya take mata ƙafa a wajen rawa, ya yi ta bin ta da ban haƙuri har suka kai ƙofar coci. Ba mugun mutum ba ne, kar in yi masa ƙazafi don ina jin haushinsa. Ba ya duka, ba ya caca, giyarsa kwalba biyu ce ranar Juma'a. Ciwonsa guda ne: in ya yanke abu a ransa, gani yake ya riga ya shawarce ki.

Abin da ta tarar a gonar nan ba gida ba ne, rumfa ce mai tsani. Uwar Clarrie tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, kuma shekara bakwai Glenys ta yi tana juya ta, tana wanke ta, tana ba ta abinci a baki, tsohuwar tana kiran ta da sunan wata budurwar da Clarrie bai aura ba. Lokacin yankan rake ita ke dafa wa masu injin yanka, ta fito kan tsani ta kaɗa ƙararrawar tagulla su taho. In an sa wa gonakin rake wuta da yamma kafin yanka, baƙar toka ta yi ta zuba a kan shanya, ta kwashe ta sake wankewa ba tare da ta zagi kowa ba, abin da ni ba zan iya ba. Sau biyu guguwa tana yaye rufin. Duka biyun, gari na wayewa tana kan kwano tana miƙa wa Clarrie ƙusa. Duk shekara biyar takan yi wa gidan fenti da kanta, kore mai haske, ba ta taɓa sauya launi ba.

Abu biyu ne a gidan nan da ba a wasa da su. Na farko katakon ƙofar kicin. Duk ranar Kirsimeti sai ta jera yaranta biyu a jikinsa, ta ɗora wuƙar burodi a kan kowa, ta ja layi da fensir ta rubuta suna da shekara. Da suka girma suka watse, ɗaya Brisbane ɗaya Perth, sai jikoki suka gaji wurin, har nawa ma suna ciki. In za ta yi fenti, takarda take manna wa katakon nan don kar burushi ya taɓa shi.

Na biyu bishiyar mangwaron bayan gida. Ƙwallonta daga bishiyar babanmu ya fito, wadda aka sare tun da daɗewa aka yi wurin ajiye motoci. Da mamarmu ta rasu, ta bar wasiyya a ƙona gawarta a zuba tokar a gindin mangwaron Glenys, ta ce nan ne kaɗai take jin ƙamshin gidan mijinta. Mu biyu muka zuba, da hannunmu. Tun daga nan Glenys takan ɗauki shayinta na safe ta je ta zauna a can, ta ba Mama labarin farashin sukari da wanda ya mutu da wanda ya kamata a ce ya mutu. Ni ma duk Lahadi nakan je, bayan coci.

To, sai Clarrie ya cika saba'in, zuciyarsa ta yi masa gargaɗi, likitoci suka buɗe masa jijiya. Ya dawo gida da magana ɗaya a baki: babban zagaye. Kun san su, tsofaffin nan masu furfura da suke sayen mota mai gado da kicin da bayi a ciki, su kama titi su kewaye ƙasar nan kaf, daga bakin teku zuwa bakin teku. Duk sanyi suna wucewa ta garinmu a jere, suna tafiya kamar masu rakiyar gawa. Clarrie ya shekara arba'in yana zagin su daga kan tarakta, yanzu ga shi yana so ya zama ɗaya daga cikinsu. Ya sayo tasa, fara, ta hannu. Ya ajiye ta a gindin tsani yana goge ta safe da yamma.

Glenys ta ce ba inda za ta. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya daina cin abinci na yini guda, ya turo yara suka yi ta bugo waya. Daga ƙarshe ya kama ta ta inda ya san tana da laushi, ya ce bai san shekara nawa zuciyar nan ta rage masa ba. Sai ta yarda, amma da sharaɗi, kuma a gabana aka yi, a teburin kicin. Wata shida kacal. Su tashi a watan Yuni, su dawo a Disamba.

"Kafin mangwaro ya nuna?" in ji ta.

"Kafin ya nuna, tsohuwa. Da hannunki za ki tsinki na farko."

Ya dafa tebur da ya faɗa. Na gani da idona.

Ya ce maƙwabcinsu mai babbar gona zai kula da rake, gidan kuma wani ma'aikacin kamfanin sukari zai yi hayarsa na wata shidan. Saboda 'yan haya, in ji shi, duk wani abu mai daraja sai a kulle shi a rumbun bayan gida. Ita ta naɗe kayan da tsofaffin jaridu, shi ya kwashe, shi ya riƙe makulli. A mota kuma suka raba aiki: sama nata, wato tufafi da abinci da magunguna, akwatunan ƙasa da ƙarƙashin gado nasa, kayan aikin maza. Ba ta leƙa ba. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa leƙa aljihunsa ba, sai yanzu za ta fara?

Nan ne mijina Merv ya shigo maganar. Merv makaniken ƙafar mota ne, gareji ɗaya yake riƙe da shi tun kafin in aure shi, a bakin babban titi, gidanmu a baya. Rabin cinikinsa na masu furfuran nan ne. Sukan shigo da bayan mota a zaune, goshi a sama, fitilu suna haska tsuntsaye, sitiyari ya yi sako-sako don tayoyin gaba da ƙyar suke taɓa kwalta. Kowa abu ɗaya yake faɗa: a ƙara sifirin, a sa sabon shokazoba, ko a sa jakar iska a ɗaga bayan. Merv yana yi, kuma ya iya. Amma yana da ƙa'ida da ya gada wajen maigidansa, wadda ta kore masa masu ciniki da yawa. Ba ya kwance ƙusa ko ɗaya sai ya auna. A cika tankin ruwa, a cika mai, duk wanda zai yi tafiyar ya shiga ya zauna a kujerarsa, sannan a hau sikeli, kowace taya da nata. Akwai ɗan ƙarfe a jikin ƙofar direba da aka buga iyakar nauyin da mota za ta ɗauka. In an wuce shi, sai a shimfiɗa tamfol a tsakar gareji a zazzage komai, har cokali, a auna ɗaya bayan ɗaya, mai mota ya zaɓi abin da zai bari. Merv yakan ce shi bayan mota yake ɗagawa, lambar jikin ƙofa ba ta motsi, birki ma bai san an sa sabon sifirin ba. Na ga abubuwa a kan tamfol ɗin nan. Na ga duwatsu buhu uku, na ga injin kwale-kwale ba kwale-kwale, na ga wata da ta ɗauko ƙarafan motsa jikin mijinta da ya mutu.

Ana gobe za su tashi, Glenys ta shigo gari, ƙawayenta na coci suka yi mata walimar ban kwana, ta kwana a wurinmu. Clarrie ya ce zai ƙarasa lodi ya rufe gida ya taho da safe, Merv ya ɗan ɗaga bayan motar, su kama hanya da azahar.

Wajen ƙarfe takwas na ji ƙarar ƙarfe yana kartar siminti. Motar ce take shigowa, gindinta ya goge bakin kwalbati. Na sha ganin mota a zaune, amma wannan durƙusawa ta yi. Merv ya zagaya ta sau ɗaya, ya sa tef ya auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen saman taya. Sai ya leƙo kicin ya ce in kira yayata, ita ma nauyi ce, sai ta zauna a kujerarta. Muka yi dariya, Glenys ta ce ta san kek ɗin jiya sai ya tona mata asiri. Ta fito da jakarta a hannu da sabuwar hular rana da ƙawaye suka ba ta, ta hau ta zauna. Wallahi har ta fara ɗokin tafiyar. Wannan ne yake ƙona mini rai har yau.

Sikeli ya nuna sun wuce iyaka da kilo ɗari huɗu cif, kusan duka a ƙafar baya. Merv ya je ya jawo tamfol.

Clarrie ya diro, fuskarsa ta yi ja. Ya ja Merv gefe, amma garejin ba shi da girman da za a ɓoye magana.

"Haba mutumina, har ni za ka zazzage? Sa sifirin kawai mu wuce."

"Kowa ana zazzage shi, Clarrie."

"Mun fa yi magana da kai."

"Kowa ana zazzage shi."

A lokacin ban kama abin da "mun yi magana" yake nufi ba. Na ɗauka rowar lokaci ce irin ta maza.

Aka fara da sama, kayan Glenys. Tufafin wata shida, gwangwanaye, garin fulawa, kwalaben jam ɗin mangwaron bara. Duka-duka ba su kai komai ba. Sai Merv ya buɗe akwatin ƙasa na farko. Uwar maƙerar uban Clarrie ce ta fara fitowa, su biyu suka ɗauke ta suna nishi. Glenys ta ce, kai Clarrie, dokin wa za ka yi wa takalmi a hanya? Har a nan wasa take yi. Akwati na biyu, tukwanen ƙarfen mamarmu guda huɗu, a naɗe cikin jaridun da ita da kanta ta naɗe su. Ta dube su, ta dube shi. Ya ce ai ya ga za su yi amfani in an hura wuta a daji. Sai keken ɗinkinta, kan da ƙafafun daban. Sai akwatin hotuna. Sai kwanukan tangaran na bikinsu, waɗanda sau ɗaya ake fito da su a shekara. Sai ƙararrawar tagulla.

Ta sauko daga motar ta tsaya a bakin tamfol, jakarta har yanzu a hannu. Duk abin da aka ce yana kulle a rumbu, ga shi a shimfiɗe a rana, Merv yana ɗora kowanne a kan ƙaramin sikeli yana rubuta nauyinsa da alli a ƙasa, kansa a sunkuye kamar mai neman allura.

Na ƙarshe daga ƙarƙashin gado ya fito. Dogo ne, an naɗe shi da bargo an ɗaure da igiya. Clarrie ya ce wannan ba sai an kwance ba, ba shi da nauyi. Glenys ta ajiye jaka, ta durƙusa da gwiwar nan tata ta ƙarfe, ta kwance igiyar da kanta. Katakon ƙofar kicin ne. An ɓanɓaro shi da ƙarfe, ƙusoshi a lanƙwashe a bayansa, sabon tsagi ya bi ta kan sunan jikarta ta fari.

Ta daɗe tana kallon sa. Da ta yi magana, muryarta ƙalau, kamar tana tambayar ko a ƙara sukari.

"Clarrie, 'yan hayar ba sa son ƙofa ne?"

Wata babbar motar rake ta wuce a titi, muka jira ƙararta ta mutu.

"Wa ka sayar wa gidan?" in ji ta.

Sai ya fashe da bayani, irin na wanda ya daɗe yana bitar sa a gaban madubi. Maƙwabcin ne ya saya, gona da gida duka. Yara ba sa son gonar, gwiwarta ta mutu, tsanin gidan mataki goma sha huɗu ne, shi kuma zuciyarsa ba za ta sake ɗaukar wani yankan rake ba. Ya san in ya tambaye ta ba za ta yarda ba har abada. Nufinsa sai sun kai garin Broome, can ɗaya gefen ƙasar, ta ga faɗuwar rana a kan teku, hanya ta shiga ranta, sannan ya gaya mata a hankali. Idonsa ya kawo ruwa, ya nuna tamfol da hannu biyu, ya ce, "Dubi fa, tsohuwa. Duk abin da kike so na ɗauko miki. Ban bar komai ba."

Kuma da gaske yake, shi ne abin takaicin. Gani yake kyauta ya yi mata.

"Mama fa?" in ji Glenys.

Na rantse muku, sai a lokacin ya tuna. Mutumin da ya tuna da ƙararrawa, ya tuna da ƙafafun keken ɗinki, ya manta da uwarmu a gindin bishiya. Ni dai abin da na faɗa masa a wurin ba zai maimaitu ba. Har mai shagon taya da ke tsallaken titi sai da ya fito ya tsaya. Glenys ba ta taya ni ba. Ta cire hular ranar ta ɗora a kujerar gaba, ta ɗauki katakon ta rungume, ta wuce cikin gidana. Ta dawo ta ɗauki tukunya ɗaya. Ta sake dawowa. Ba ta bar kowa ya taimaka mata ba, sai keken ɗinki da ya fi ƙarfinta, shi ma ni ta yarda in kama mata. Uwar maƙera kaɗai ta bar masa.

Merv ya ce a sake hawa sikeli. Clarrie ya shiga shi kaɗai. Motar ta miƙe tsaf, gaba da baya daidai, har da ragowar wuri kafin iyaka. Merv ya ce ba ta buƙatar komai, yana iya kama hanya haka. Clarrie ya ce a'a, a sa sifirin, ai fushi ne, in ta huce za ta biyo shi da kayanta. Merv ya gargaɗe shi cewa sifirin mai tauri a mota marar kaya sai ya karya masa baya. Ya ce a sa.

Da Merv ya je ɗauko su ne idona ya buɗe. Suna jingine a bango, manya, masu kauri, an rubuta sunan Clarrie da alli. Mako uku ina wuce su in zan kai masa shayi. Shekara arba'in ina auren mai sifirin, na san na hutun wata shida, na san na wanda ya ɗauko gida. Na jira Clarrie ya shiga bayi, na tare mijina a bayan motar.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya yi ta goge hannu da tsumma. Ya ce tun ranar da aka yi odar su. Clarrie ya gaya masa suna shan giya, ya ce a ɗaga bayan yadda ɗan sanda ba zai lura ba, Glenys ma ba za ta lura ba, ya roƙe shi ya rufa masa asiri.

"A lokacin ya sa hannu a takarda?"

"Bai sa ba tukuna."

"Kuma ka yi shiru."

"Aboki ne, Rae. Ba a tona aboki."

"Ni kuma mece ce?"

Daga baya ya so ya nuna mini cewa ai shi ya sa aka kira ta, shi ya ƙi karya ƙa'idarsa, da ya bi ta Clarrie sai a Broome za ta ji. Haka ne. Amma mako uku da suka wuce akwai abin da za a iya tsayarwa, ranar tamfol kuwa babu. Ya zaɓi hanyar da zai fito da hannu a wanke ta kowane gefe: bai tona aboki da baki ba, bai kuma karya ƙa'idar maigidansa ba. Uwata ce ta biya. Mako uku yana cin abincina, ranar Lahadi har ya kai ni gindin bishiyar ya jira ni a mota yana sauraron wasan ƙwallo. Mazan garin nan, tir! In gidanki yana ci da wuta za su zo da bokiti tun kafin ki kira, amma in abokinsu ne ya kunna ashanar, ba wanda ya ga komai.

Clarrie ya kwana biyu a motarsa a tsakar garejin yana jiran ta huce. Ta taga take miƙa mini farantinsa in kai masa, don ko a haka ba ta iya barin mutum da yunwa ba. Rana ta uku ya tafi. Na tsaya a bakin titi na ga fitarsa, bayan motar a ɗage sama kamar kaza tana tsintar tsaba, ko ɗan rami ta taka sai ta yi tsalle.

Lauya ya ce tana da haƙƙi, in ta je kotu za a raba abin da aka samu, amma cinikin ya riga ya ɗauru, tunda sunansa kaɗai ne a takarda. Ta ce ita ba rabo ta zo nema ba, ta tashi. Maƙwabcin ba shi da laifi, an gaya masa da yardarta aka yi, kuma da ya ji gaskiya har gida ya zo, hula a hannu. Amma shi layin rake miƙaƙƙe yake so don injin yanka, gidan da bishiyar kuma a tsakiya suke. Abin da ya iya yi mana shi ne ya ba mu rana ɗaya kafin katafila ta shiga. Muka je da shebur. Bishiyar tana cikin fure, ko ƙwallo ɗaya babu da za a ɗauka. Muka haƙi ƙasar gindinta bokiti biyu, daga wajen da muke jin nan muka zuba. Glenys ta yanki rassa ta gwada dasawa, ba wanda ya kama.

Gidan kuwa ba a rushe shi ba. Irin waɗannan na katako akwai masu saye, su raba su biyu da zarto su ɗora a tirela su kai wani gari. Wata safiya a watan Agusta, rana ba ta gama fitowa ba, muna shan shayi a baranda, sai ga motar rakiya da fitila tana walƙiya. A bayanta rabin gidan Glenys ne yake tafiya a kan titi, kore mai haske, a hankali. Ta gefen da aka yanka ana ganin cikin kicin, da ƙusar da take rataya tawul, da ƙofar da ba ta da katako ɗaya. Ta miƙe tsaye da kofi a hannu har ya hau gada ya ɓace. Sai ta ce ashe labulen ɗakin baya ya koɗe haka, ba ta taɓa ganin sa daga waje ba. Ni ce na yi kukan.

Tana ɗakinmu na baya yanzu. Ta karɓe mini kicin, ta kawo kajinta, tana yi wa rabin cocinmu ɗinki. Katakon yana jingine a bayan ƙofarta, ta ƙi a kafa shi, ta ce gidan ba nata ba ne. Da Merv tana gaisawa, tana ma zuba masa abinci. Ni ce na mayar da shi gadon gareji har wata biyu, kuma ko yanzu da ya dawo ciki, akwai maganar da ba na yi da shi. Clarrie yana bugowa duk Lahadi. Ba ta karɓa. Merv ke karɓa, kuma hirar ba ta wuce ciwon baya: motar tana jijjiga shi, kofuna sun farfashe, ƙofar firji tana buɗewa da kanta.

Farkon Disamba wani direban tirela ya tsaya a gareji da kwali, ya ce wani dattijo ne a garin Katherine ya ba shi saƙo. Mangwaro ne, manya, jajaye, kowanne a naɗe da takarda. A sama an rubuta da hannun Clarrie: na farko naki ne, tsohuwa. Na kai mata har ɗaki, ina tunanin ko jifa za ta yi da su ko kuka. Ta karanta, ta rufe kwalin, ta ɗauko shi ta fito gareji. Ta tambayi Merv ko har yanzu motar Clarrie tana tsalle. Ya ce tana yi, sai ta sami kaya a baya za ta lafa. Ta ɗora kwalin a kan ƙaramin sikeli ta duba.

"Kilo tara. A mayar masa ya sa a baya. Saura ɗari uku da casa'in da ɗaya."

Ta wanke hannu a famfon gareji ta koma ciki.

Bokitan nan biyu suna gindin tsanin bayan gidana. Na ce mu juye su a lambu mu dasa wani abu, ko lemo ne, ta ce a bari tukuna. Ba abin da ke cikinsu sai ƙasa. Kullum da safe takan fito da shayinta ta zauna a mataki na biyu, ta ɗan zuba musu ruwa, ina jin ta daga kicin tana faɗin farashin sukari.